Tambaya da amsa: Wai da gaske ana iya ƙona tsofaffin bama-baman soja a matsayin man masana'anta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, da fatan ana lafiya ya aiki. Ni ma'aikaci ne a ɓangaren boila, wato tukunyar dake samar da tururi, na wata masana'anta, na kai shekara tara ina wannan aiki. Naji ance a Amurka sojoji sun taɓa gwada zuba tsofaffin abubuwan fashewa a cikin man da ake ƙonawa a boila. Wai gaskiya ne? In gaskiya ne ai gani nake an samu makamashi mai ƙarfin gaske a ɓagas, tunda ɗan kaɗan ma yana rusa gini. Me yasa ba'a yinsa ko'ina, kuma ya akayi boilar bata tashi da su ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillahi, kuma naji daɗin wannan tambaya tunda daga bakin wanda yake tsayawa gaban wuta kullum ta fito. Eh gaskiya ne an yi. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta sa anyi bincike akan haka, an fara da ƙananan gwaje-gwaje a cibiyar bincike ta Oak Ridge dake jihar Tenesi, daga baya aka kafa boilar gwaji a babban rumbun makamai na Hawthorne a jihar Nebada, sannan cibiyar Sandia dake Kalifoniya ma tayi nata nazarin akan yadda irin wannan man yake ci da irin hayaƙin da yake fitarwa. Toh amma kafin mu je can bari in fara gyara maka wani abu a cikin tambayar, don kusan kowa nan yake zamewa, wato maganar "makamashi mai ƙarfin gaske".

TNT, sinadarin fashewar da ake cika bama-bamai da shi, ba wani makamashin kirki bane wallahi. In ka ƙona kilo ɗaya na dizal zaka samu zafi wajen megajul 43 zuwa 45 (megajul ma'aunin makamashi ne). Kilo ɗaya na TNT in ya ci wuta a hankali cikin isasshiyar iska abinda zai baka bai wuce megajul 15 ba, kusan kashi ɗaya cikin uku kenan, kusan ɗaya suke da busasshen itace. RDX kuma, wani sinadarin fashewa da ya fi TNT ɓarna a fagen yaƙi, shi nasa ko megajul 10 bai kai ba. Kuma abin da zai ƙara baka mamaki, in TNT ɗin fashewa yayi ba ƙonewa ba, abinda yake saki megajul 4 ne da ɗan ɗoriya kawai.

Toh me yasa yake rusa gini? Sauri. Gangar dizal tana da makamashi da yawa amma sai ta jira iska tazo ta haɗu da ita kaɗan-kaɗan kafin ta ci, shi yasa kake da fanka da damfa kana daidaita iska duk wuni. Shi kuwa abin fashewa da iskar oksijin ɗinsa yake yawo a jikinsa, baya jiran kowa, in ya tashi girgizar tana ratsa shi da gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, duk abinda ke cikinsa ya fito lokaci guda kafin ƙiftawar ido. Ka ɗauki tankin ruwa da yake ɗiga har wata guda, da bokiti ɗaya da aka watsa maka a fuska da ƙarfi, tankin ya fi ruwa nesa ba kusa ba amma bokitin ne zai gigita ka. Kuma wannan oksijin da yake ɗauke da ita ita ce ta rage masa daraja a matsayin mai, domin in ka auna TNT wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne da naitirojin, su kuma basa bada zafi, kaya ne kawai. Duk da haka oksijin ɗin bata ishe shi ya cinye kansa ba, shi yasa in TNT ya fashe kake ganin baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kabon ne da bai samu iskar ci ba. A cikin boila wannan kabon ɗin yana samun iska ya ci, daga nan ne bambancin 4 da 15 ɗin ya fito.

Kaga kenan ba neman mai ne ya kai sojoji ga wannan tunani ba. Kaya ne suka musu yawa suna neman inda zasu kai su, zafin da za'a samu riba ce ta gefe.

Makami yana tsufa kamar komai. TNT shi kam yana da haƙuri, zai iya shekaru da yawa a ajiye bai canza ba, amma albarushin igwa da na roka wanda akeyi da naitiroselulos shi ne abin tsoro, a hankali yake ruɓewa da kansa yana fitar da wata iska mai tsami, ita kuma iskar tana ƙara hanzarta ruɓewar, shi yasa ake zuba masa wani sinadari tun a masana'anta mai shanye wannan iska, ranar da sinadarin ya ƙare kuwa kayan na iya ɗaukar zafi su kama da kansu babu wanda ya taɓa su. Faransa ta ɗanɗana wannan, jiragen yaƙinta na ruwa guda biyu sun tarwatse a tashar Tulon, ɗaya a 1907 ɗaya a 1911, duk tsohon albarushi aka ɗora wa laifin. Ko a kwanan baya, a 2012 wani ɗakin ajiya ya tashi a sansanin Minden dake jihar Luwiziyana, da aka shiga bincike sai aka tarar da kusan tan 7,000 na albarushin igwa an jibge shi ba bisa ƙa'ida ba. Da farko shirin shine a ƙona shi a fili, mutanen yankin suka ce basu yarda ba, a ƙarshe aka gina rufaffen ɗakin ƙonawa mai tace hayaƙi, aka ɗauki kusan shekara guda daga 2016 zuwa 2017 ana ƙonawa.

A da can teku ake kaiwa. Bayan yaƙin duniya na biyu an zubar da makamai ba adadi, a ruwan Jamus kaɗai, tekun Arewa da na Baltik, an ƙiyasta akwai tan miliyan 1.6 kwance a ƙasa suna tsatsa, sai a 2024 aka fara gwajin tsamo su a wajen Lubek. Amurka ma daga 1964 zuwa 1970 tsofaffin jiragen ruwa take cikawa da makamai ta nutsar da su. Yarjejeniyar Landan ta 1972 da dokokin da suka biyo baya suka toshe wannan hanya, sai aka dogara da ƙonawa a fili ko a haƙa rami a fasa su. Yana da araha, baya buƙatar a taɓa kayan sosai, amma hayaƙin duk sama yake tafiya babu tacewa, ragowar da bata ci ba ta zauna a ƙasa ruwan sama ya tafi da ita, RDX musamman baya kama ƙasa, saurin gangarawa yake cikin ruwan rijiyoyi. Wannan ne ya sa aka ce toh tunda dole a ƙona, me zai hana a ƙona a inda wutar take a killace, ana auna hayaƙinta, kuma zafin yayi wani amfani.

Yanzu ga tambayarka ta yadda boilar bata tashi ba, kuma nan ne ainihin aikin yake.

Abu na farko, babu wanda yake ɗaukar bam ko dunƙulen TNT ya jefa a wuta. Sai an fara raba makamin, a cire fiyus da ɗan ƙaramin abin da yake tada shi, waɗannan su ne masu saurin fushi, mafi yawansu ma da dalma a ciki, basa zuwa kusa da boila kwata-kwata, suna da nasu murhun na musamman mai kaurin bango. Sannan a fitar da abin da ke cikin kwanson ƙarfen, TNT yana narkewa a wajen digiri 80, ƙasa da tafasar ruwa, don haka tururi ya isa ya narkar da shi ya zubo, wasu kuma da ruwa mai matsanancin ƙarfi ake wanko su, duk da injin da ake sarrafawa daga nesa, mutane na bayan katangar kankare suna kallo ta kyamara. Daga nan sai a narkar da shi a wani ruwan sinadari a gauraya da man boila, shi ɗan kaɗan man da yawa. Hikimar ita ce fashewa sai ta samu abin bi, kowace ƙwaya ita take miƙa wa ta kusa da ita girgizar, in ka raba su da juna ka cika tsakaninsu da mai sai girgizar ta rasa inda zata taka ta mutu. Kuma ba da baki ake yanke wannan ba. Ana cika bututun ƙarfe da gaurayen, a kai shi filin gwaji, a tada wani abin fashewa a bakinsa da gangan, a duba ko fashewar ta bi bututun ko ta tsaya a nan. Ana yi man na tsaye, ana yi yana gudu, ana yi da faɗin bututu daban-daban domin faɗi yana da tasiri, abinda ya mutu a siririn bututu zai iya rayuwa a mai faɗi. Sai an samu iyakar sannan a ja baya sosai daga ita, a nan ake aiki.

Amma ni a ganina haɗarin ba a cikin wutar yake ba, a kan hanyar zuwa wutar yake, kuma kai da kake aikin nan zaka fi kowa gane abinda nake nufi. Ka san yadda dauɗa take kwanciya a ƙasan tanki, ka san yadda matata take toshewa, ka san akwai guntun bututun da mai yake kwana a ciki baya motsi. Toh a gaurayen nan duk inda mai ya tsaya ya huce, abinda aka narkar zai iya dawowa ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri ya taru, RDX ma tun asali baya son narkewa a mai. In ya taru kuwa ka dawo gidan jiya, kana da tsantsar abin fashewa a cikin famfo ko a bakin bawul, inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Wata rana makaniki yazo da sifana zai kwance wani haɗi, ƙwayoyin sun maƙale a cikin zaren noti, yana murɗawa shikenan. Shi yasa a irin wannan wuri ake gudun haɗi mai zare, ake ɗumama bututun daga farko har ƙarshe, man baya tsayawa kullum cikin zagaye yake, komai an haɗa shi da wayar ƙasa saboda tartsatsi, kuma abinda ake haɗawa a lokaci guda kaɗan ne yadda ko wani abu ya faru ɓarnar zata tsaya a ɗaki ɗaya. Da tsantsar mai ake kunna boilar sai tayi zafi ta daidaita sannan a buɗe wa gaurayen, da tsantsar mai kuma ake wanke layin kafin a kashe. In harshen wutar ya mutu ko na daƙiƙa ne na'ura ce take datse man da kanta, ba'a jiran mutum. Kaga a boilarku in wuta ta ɗauke abinda kake tsoro shine mai ya taru a ɗakin wuta, a nan kuma ga wannan tsoron ga na abinda zai daskare a jikin bango da bakin bona, wato inda ake feso man cikin wuta.

A cikin wutar kanta abin yana ci lafiya. Dokar Amurka ta ce duk murhun dake ƙona shara mai haɗari sai ya lalata kashi 99.99 cikin 100 na abin, kuma TNT ba shi da wuyar ci in aka fesa shi cikin harshen wuta mai kyau. Matsalar da ta fi ci wa masu binciken tuwo a ƙwarya ita ce hayaƙi. Ka tuna nace naitirojin ya cika jikinsa, a TNT wajen kashi 18 ne cikin 100, a RDX ya kusa 38, alhali man boila ko kashi 1 bai kai ba. Kuma ba yawan kaɗai ba, a cikin waɗannan sinadarai naitirojin ɗin ya riga ya riƙe oksijin a hannu, wato rabin hanyar zama gurɓatacciyar iskar nan da kuke aunawa a bakin bututun hayaƙi, NOx, ya riga ya yi ta tun kafin ya shiga wuta. Don haka ko ɗan kaɗan ka zuba sai kaga awon ya haura sosai. Iskar nan ita ce mai launin ja-ja ruwan ƙasa, tana cin huhu, tana tada wa masu asma ciwo, tana cikin masu haddasa ruwan sama mai asid. Akwai magani, ana raba wutar hawa biyu, a hawan farko a rage iska yadda naitirojin zai saki oksijin ya kama ɗan'uwansa ya koma iskar da muke shaƙa kullum marar illa, sannan a ƙaro iska a sama a ƙarasa ƙonawa, abinda ya rage kuma a kama shi da amoniya ko yuriya kafin ya fita. Yana aiki, amma kuɗi ne, kuma boilar da aka gina don dizal ko baƙin mai ba da wannan lissafin aka yi ta ba. Albarushin manyan rokoki shi nasa ya ma fi muni, wanda akeyi da amoniyam fakuloret in ya ci asid mai kulorin yake fitarwa mai cinye bututun boila, ga tokar alminiyam tana liƙewa a jiki, irin wannan ba'a ma kawo shi layin mai.

Kada a manta TNT guba ne ko bai fashe ba. Wani Bajamushe Julius Wilbrand ne ya fara haɗa shi a 1863 kuma a matsayin rini ruwan ɗorawa aka fara saninsa. A yaƙin duniya na farko matan dake cika harsasan igwa a Ingila fatarsu ta koma ruwan ɗorawa har ana musu laƙabi da sunan tsuntsun kanari, wasunsu ciwon hanta ya kashe su. Ta fata yake shiga, yana lalata jini. Ruwan da aka wanke kwanson da shi ma sai an tace shi da gawayi na musamman, in rana ta taɓa shi launinsa ja-ja yake komawa.

Toh in ka haɗa lissafin zaka gane me yasa abin bai bazu ba duk da an nuna yana yiwuwa. Ɗan kaɗan kake iya zubawa, ɗan kaɗan ɗin ma kashi ɗaya cikin uku na zafin mai yake bayarwa, ga kuɗin sinadarin narkarwa, ga katangu da tazarar da doka ta ce a bari tsakanin ginin da sauran mutane, ga na'urar kama hayaƙi, ga inshora. Sannan a Amurka da zarar boila ta fara cin irin wannan kaya ta shiga ƙarƙashin dokar shara mai haɗari ta 1976 da ƙa'idojin da hukumar kare muhalli ta fitar a 1991 akan boiloli da murhun masana'antu, sai lasisi, sai gwajin ƙonawa a gaban jami'ai, sai sauraron ra'ayin mutanen gari. Wane mai masana'anta ne zai ɗauko wa kansa wannan don ya rage ɗan dizal? Masu siminti ma da murhunsu yake kai digiri 1,450 kuma sun saba cin tsofaffin tayoyi da tsohon mai, ba kowa ne cikinsu zai yarda motar abin fashewa ta shigo masa harabar aiki ba. Ga kuma wata magana da nake ganin ita ce ta fi ƙarfi, TNT ɗin da aka narko mai tsabta ya fi daraja a matsayinsa na abin fashewa fiye da a matsayin mai. Masu haƙar ma'adinai da fasa dutse suna sayensa, sojoji ma suna maida shi cikin sabbin makamai, har ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u na goge ƙarfe ake samu daga fasa TNT da RDX a rufaffen ɗaki, dabarar da aka gano a Tarayyar Sobiyet tun shekarun 1960. Wanda ya gurɓace, wanda babu mai saye, shi ne ya rage wa wuta. Ni inda nake ganin dabarar tana da ma'ana shine a cikin rumbun makaman kansa, inda dama akwai katangun, akwai ƙwararrun, kuma dama ana buƙatar tururi don narkar da kayan, sai zafin ya dawo yayi aikin narkar da na gaba ba tare da an ɗora komai a mota an bi ta cikin gari ba. Kuma maganar bata mutu ba, a 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gabatar da shawarar ƙara takura ƙonawa a fili, duk lokacin da aka matsa ta wannan ɓangaren sai an sake waiwayar rufaffun hanyoyi.

Boilarku kuwa ɗan'uwa, a'a, kuma ina faɗa da babbar murya. Ko wani yazo muku da ruwa ko gari ko ƙwayoyi yace ragowar kayan soja ne yana ƙara wa wuta ƙarfi, kada ya shiga tankinku, kada ma a buɗe shi a harabar, a matsar da mutane a kira jami'an kwance bam. A Maris ɗin 2008 a ƙauyen Gerdec na ƙasar Albaniya an sa mutanen da basu da horo, har da mata da yara, suna kwance tsofaffin harsasai da hannu don a sayar da ƙarfen, wuta ta kama albarushin da aka tara a gefe, mutum 26 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni, gidaje da yawa suka rushe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da harsasai a 2011 saboda irin waɗannan, kuma a cikinsu lalata makamai aikin wanda aka horar aka ba izini ne kaɗai. In abinda ke damunku tsadar mai ne, fara da duba iskar da kuke bai wa wutar ko ta wuce kima, da kaurin dattin da ya kama bututun ruwa, da tururin dake tsiyaya ta tarkunan da suka lalace, sannan ka sa a auna zafin hayaƙin dake fita, domin duk digiri 20 da ka rage a can kusan kashi 1 cikin 100 na manku ne ya dawo.